Ranar da Kawu Ya Koma Bayan Mota

Kawu ya rasu ranar wata Lahadi da hantsi, ranar kasuwar Haɗejiya, kamar wanda ya zaɓi ranar da ba sai an wahalar da kowa da aike ba. Duk wanda ya kamata ya ji yana cikin gari da ma. Na Allah ne mu duka, kuma shi ya riga mu amsa kira.

Kafin azahar layin gidansa ya cika da motocin a-kori-kura. Waɗansu da buhunan tattasai a baya, waɗansu da kwandunan kifi banda da ba a kai ga saukewa ba, har warin ya shigo zauren makoki ya zauna tare da mu. Liman ya yi addu'a yana kare hanci da gefen rawani. Ban taɓa zuwa jana'izar da ta yi warin kifi haka ba, kuma ina jin mamacin ba zai yi ƙorafi ba.

Direbobi suna da tasu irin ta'aziyyar. Kowanne zai durƙusa ya ce Allah ya jiƙan tsoho, sannan ya faɗi zagin da tsohon ya taɓa yi masa, kamar mai nuna takardar shaida. Wani dattijo daga Kafin Hausa ya ce shekara ashirin Kawu bai kira shi da komai ba sai jaki mai lasin, yana faɗa yana share hawaye da hularsa. A cikin gida, an ce wata mai sayar da ƙwai daga ƙauyukan hayin ruwa ta zauna wuni guda, ta ce ita ba ta san fuskarsa ba, ta dai san motar da ya gyara ba ta fasa mata kaya. Abokan aikina na dā, tsofaffin malaman makaranta, su kuma suka yi ta kiransa injiniya. Da yana ji da ya tambaye su wace makaranta ce ta ɓata shi.

Mutum ɗaya ne ba a karɓi ta'aziyyarsa ba, shi ne ɗana na biyu. Direba ne, shekararsa talatin, yana da 'ya'ya biyu, matarsa kuma jikar Kawu ce, 'yar babban ɗansa. Da aka ɗaga makara ya sa kafaɗa kamar kowa, sai surukin nasa, wanda taubashina ne, ya sa masa tafin hannu a ƙirji ya mai da shi baya. Kowa ya gani. A cikin gida Inna, matar Kawu, wadda tun ranar sunan ɗana ba ta kiransa da komai sai angona, ta amsa gaisuwarsa fuskarta na kallon bango. Da aka share makokin uku, matar ɗana da yaran ba su koma ɗakinsu ba. Ubanta ya ce su zauna tukuna, kuma kowa ya san abin da tukuna take nufi a bakinsa.

Maganar da ke yawo ita ce ɗana ne ya kashe tsohon: ya ɗora mutum mai shekara tamanin, mai ciwon baya, a bayan a-kori-kura ya yi ta tsalle da shi a kan tuddan yashi. Hakan kuwa ya faru. Abin da ba wanda ya sani shi ne wanda ya tura Kawu bayan motar nan, kuma ni ne, da bakina. Ina tsaye a sahu lokacin da aka ture ɗana, na gyara zaman hulata, na yi shiru. Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa 'ya'yan mutane su ɗaga hannu idan su suka yi laifi.

Zan zo kan wannan. Amma ba na so a tuna da Kawu da yadda ya mutu kawai.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Gidansu gidan maƙera ne. Kakanmu garma yake ƙerawa da lauje da ƙugiyar kamun kifi, kuma ƙarfen da maƙera suka fi so a lokacin shi ne karyayyen sifirin na mota, wato fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota, su karɓi dukan hanya kafin ya iso ƙugun mutum. Sauran maƙera suna murna idan sifirin ya karye, don sun sami abin yin wuƙa. Kawu shi kaɗai ya tsaya yana juya guntayen yana tambayar me ya karya su. Daga wannan tambayar ya bar garma, ya kai maƙerarsa bakin tasha ƙarƙashin wata darbejiya, ya zauna a nan shekara hamsin. Ni kuwa da ya ga yadda nake riƙe masaba, sai ya ce wa mahaifiyata hannun nan na alli ne, a kai shi inda ba zai ji wa kowa ciwo ba. Haka na zama malami. Daga ranar da na fara aiki bai sake kiran sunana ba, sai Malam, kuma yana jan kalmar yadda ba za ka taɓa sanin girmamawa ce ko tsokana ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane darajar wannan sana'a ba. Da damina kogi ya malale fadama, hanya ta zama taɓo. Da rani taɓon ya bushe da sawun shanu a jikinsa, ya yi tauri kamar an kafa duwatsu. Ka nausa arewa kuma sai yashi. Mota ɗaya ce za ta bi duka ukun a mako guda, da shinkafa da awaki da mutane a kai. Shi ya sa duk wanda ya sayi a-kori-kura a nan, kafin ma ya kai ta a rubuta mata kirari a baya, sai ya kai ta a ƙara mata fallen sifirin. A wurinmu ƙarfin mota taurinta ne, kuma mutuncinta yawan abin da za ta ɗauka.

Kawu ba ya ƙin ƙara falle, amma sai ya yi tambaya uku: me za ta ɗauka, wace hanya za ta bi, wa zai zauna a baya. Idan ya gama aikin kuma ba ya sallamar mota sai ya hau bayanta da kansa. Yana da wani kwanon sha na silba da ya ja wa layi da ƙusa daga ciki. Zai cika shi da ruwa zuwa layin, ya zauna daidai kan tayar baya ya miƙe ƙafafu, ya ɗora kwanon a cinya, ya ce direba ya bi ainihin hanyar da motar za ta riƙa bi. In sun dawo ya duba ruwan da ya rage, ya duba kuma wane gefen rigarsa ya jiƙe. Daga nan yake sanin wane falle zai cire, wanne zai mayar wuta. Yakan ce direba maƙaryaci ne, ba don mugun hali ba, don kujerarsa tana da katifa. Gaskiyar mota tana baya, inda mata da marasa lafiya suke zama.

Na taɓa gaya masa, lokacin ina sabon malami kaina cike da littafi, cewa wannan ba awo ba ne a ilmance. Ya ce in kawo na makarantarmu a gwada. Abin da makarantarmu ta mallaka a lokacin sikeli ɗaya ne, shi ma kwano ɗaya gare shi. Ban sake tayar da maganar ba.

Wani attajirin shinkafa daga Jahun ya taɓa zuwa yana son a yi wa motarsa falle goma sha biyar. Kawu ya ce za a yi, amma da sharaɗin mai motar ya zauna a baya su je gwaji tare. Mutumin ya hau da babbar rigarsa mai sitati. Suka dawo babu hula, kuma ya sauka da rarrafe. Ya zagi Kawu tas a gaban 'yan tasha, ya rantse ba zai sake taka wurin ba, kuma ya cika rantsuwarsa: direbobinsa ya riƙa aikowa da motocin. Akwai kuma wata mota guda da mutanen hayin ruwa suke kawo masu naƙuda da majinyata asibiti da ita. Ita rage mata falle ya yi don ta yi laushi, ya ja mata layi da jan fenti a bodi, ya ce kaya kada su wuce nan. Kowace Lahadi sai ya bar aikinsa ya je bakin kasuwa da sandarsa ya duba. Ranar da ya tarar buhuna sun haura layin, da hannunsa ya riƙa turo su ƙasa, mai kayan yana ihu, shi yana tambayarsa ko a kan buhu uwarsa ta haife shi.

Shekara goma da suka wuce bayansa ya gaza. Likita a Kano ya nuna mana hoton ƙashin, ya ce ya zama kamar tsohuwar azarar da gara ta ci, girgiza ɗaya mai ƙarfi ta isa. Inna ta ɗauke kwanon ta ɓoye a ƙasan adakarta. Daga nan Kawu ya koma sallamar mota da kunne da tafin hannu: ya sa a danna bodin, ya saurara, ya ce ta yi. Ba wanda ya yi ƙorafi, kuma shi bai taɓa cewa komai a kai ba.

Sai wannan sabuwar hauka ta zo. Samarin direbobi suka riƙa kallon tseren motoci a hamada a wayoyinsu, kuma bayan an gama girbi sai su haɗu su nausa arewa, wajen tuddan yashin bakin iyaka, su yi nasu da a-kori-kura babu kaya. Abin da ake ci rago ne ɗaya da suna a tasha. Suka yi abin da duk ɗan ƙasar nan zai yi idan yana son mota ta yi ƙarfi: suka ƙara falle. Mota mai taurin ɗaukar buhu talatin, a sake ta wayam a kan tudu, in ta dira sai ta yi harbi da baya kamar jaki. Haka ta juye da wani saurayi daga wajen Kaugama. Bai mutu ba. Mahaifiyarsa ce take juya shi a kan tabarma har yau.

Ɗana yana cikinsu. Na kira shi na hana shi, da hujjoji a jere kamar darasi. Ya sunkuyar da kai ya ce to, irin to ɗin da 'ya'yanmu suke rufe mana baki da ita, ya ɗauki motarsa ya kai wa Kawu.

An gaya mini tsohon ya sa tabaransa mai igiya ya kalli abin a waya sau uku. Ya ce masu motocin nan ba wawaye ba ne, a dubi yadda taya take saukowa tana neman ƙasa da kanta, motar kuma tana tafiya a samanta kamar kwalekwale. Ya ce shekara hamsin yana koya wa mota ɗaukar kaya, ashe bai taɓa koya mata tafiya babu komai ba. Ya cire fallayen duka, ya nemo dogaye sirara guda huɗu-huɗu daga wata matacciyar bas, ya mai da su wuta ya ƙara musu lanƙwasa, ya tsoma su a baƙin mai. Ya sa wa kowace taya shokozoba biyu masu shanye girgiza. Ya yanko bel ɗin injin casar shinkafa ya ɗaure ƙafar baya da shi, don in motar ta tashi sama kada ƙafar ta zarce ta tsinke. Ya sa aka yanke bodin ta saman tayoyi don su sami wurin hawa, aka mai da safaya biyu can ƙarshen baya don nauyi, mai walda ya kewaye wurin direba da bututun ƙarfe. Duk wanda ya bi ta tasha a watannin nan ya ji su suna faɗan kaka da jika. Ɗana yana kiransa tsohon ƙarfe, yana cewa in ya ci ragon da shi zai biya sadakin Inna ya ƙwace ta. Kawu yana cewa ya fara koyon ɗaure noti tukuna, matar ba ta auren rago. Rabon da a ga Kawu cikin farin ciki haka tun kafin likita, kuma wannan farin cikin shi ya fi ba ni haushi.

Na same shi wata ranar Talata bayan la'asar, shi kaɗai a ƙarƙashin darbejiya, ma'aikatansa ba su dawo daga masallaci ba. Na ce masa ya tsai da aikin. Ya ce in ya tsayar, yaron zai kai ta wani gareji a ƙara mata falle, kuma na san abin da ya sami ɗan Kaugama. Ya ce ba shi da ikon cire wa saurayi abin da ya shiga kansa, abin da yake da iko a kai shi ne yadda motar za ta dira. Magana ce mai hankali, kuma ba abin da ya fi harzuƙa malami kamar magana mai hankali daga bakin wanda bai yi makaranta ba. Sai na faɗi abin da na faɗa, kuma ga shi yadda yake, ban rage ba:

"Ai da sauƙi a gare ka, Kawu. Shekara goma rabonka da hawa bayan mota. Kunne kake karawa ka ce ta yi. Ɗan wani ne zai hau, ba kai ba."

Ɗan wani. Na faɗa wa mutumin da ya yanka ragon sunan yaron. Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, har ya gama.

"Ka gama, Malam?"

Na ce na gama.

"To, Allah ya yi maka albarka."

Ranar Juma'a da safe ya ce wa Inna zai je duba wani ƙarfe. Ya ce wa ɗana su je gwaji, shi a gaba zai zauna. Sauran labarin daga bakin ɗana na ji shi, sau ɗaya, bai kuma sake ba. Da suka isa yashi Kawu ya ce a tsaya zai kama ruwa. Ya zagaya, ya taka taya ya haye baya, ya zauna a wurinsa na dā, ya fito da kwanon daga ƙarƙashin riga. Yadda ya same shi daga adakar Inna, Allah kaɗai ya sani. Ɗana ya kashe mota ya zare makulli, ya roƙe shi har da durƙuso. Tsohon ya ce shi ya riga ya hau, ko a ja ko rana ta gasa shi a nan, kuma in aka sauke shi da ƙarfi to da masaba zai farfasa duk abin da ya ƙera, ya bar jikan ya je wurin masu ƙara falle. Ɗana ya ja a hankali. Kawu ya yi ta dukan rufin motar, yana cewa tafiyar amarya ba ta gaya masa komai, a yi yadda za a yi ranar tsere. Sau uku suka haye tudun.

Da ƙafarsa ya sauko. Rabin ruwan yana cikin kwano, gefen hagu na rigarsa a jiƙe. Yana ta dariya, ya ce ƙafar hagu ta baya tana makarar dawowa, da an je tsere a haka da ita za ta kayar da motar. Ya yi sallar Juma'a a zaune. Washegari ƙafafunsa suka ƙi amsa masa.

Wata biyu da rabi ya yi a kwance. Aka kai shi Kano aka dawo da shi. Tun makon farko 'ya'yansa suka hana ɗana shiga gidan. Kawu ya gaya musu ba sau ɗaya ba cewa shi ya hau da kansa, suka ɗauka tsoho ne yake rufa wa ɗan lelensa asiri. Sunana kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ya sa aka cire sifirin ɗin hagun aka shigo masa da shi har ɗaki, yana nuna wa babban ma'aikacinsa da sanda inda za a ƙara wuta. Ni kullum ina zuwa da lemo da ayaba, ina zama a bakin ƙofa, mutane suna yaba zumuncina.

Wata rana da azahar muka ragu mu biyu. Na fara tayar da maganar ranar Talatar nan. Ya katse ni, ya ce tunda hannun alli ya zo, in ɗauko takarda. Ya yi ta faɗa mini awon motar ina rubutawa, da irin awonsa: tsawon falle kamu kaza, lanƙwasa yatsu kaza, bel taƙi kaza. Da muka gama sai ya ce:

"Ba kai ka ɗora ni ba, Malam. Tuna mini ka yi. Shekara goma ina sallamar motocin mutane ban san abin da na ba su ba."

Na karɓi wannan magana kamar wanda aka miƙa wa tabarma, na shimfiɗa na zauna a kanta. Tunda shi ya ce ba ni ba ne, me zai sa in ce ni ne? Da ita na yi shiru ranar jana'iza. Da ita na yi shiru ranar bakwai. A halin nan ɗana ya daina fita tasha, don in ya tsaya a layi ba mai ba shi lodi. Ya rame. Yakan zauna a ƙofar ɗakinsa da babu kowa a ciki, takalman yaransa suna nan inda suka bar su. Sai labari ya zo mini cewa taubashina yana jiran a yi arba'in ne ya nemi takardar sakin 'yarsa. Mahaifiyar ɗana ta tambaye ni ko ba zan je in roƙa ba, tunda ni mai iya magana ne. Na ce ina tunani a kai.

Ranar arba'in da safe aka yi addu'a, aka raba waina, baƙi suka watse, dangi suka rage a tsakar gida, maza a kan tabarmi, mata a bayan labulen ɗakin Inna. Taubashina ya yi gyaran murya zai fara maganar da kowa ya san ita ce. Na ce ya ba ni minti ɗaya. Ya ce, da ɗan guntun wasan da ya rage tsakaninmu, malami bai taɓa sanin minti ɗaya ba. Na tashi tsaye, don a tsaye na saba magana. Na faɗa musu ranar, da wurin, da kalmomin, ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan wani. Na gaya musu yaron makulli ya zare, durƙusawa ya yi. Abin da Kawu ya ce mini a kan gadonsa ne kawai ban faɗa ba, don na riga na ci moriyarsa fiye da rabona.

Ba wanda ya yi salati. Wata akuya tana cin ɓawon lemo a gefen rijiya, kuma na daɗe ina jin ƙarar taunarta. Taubashina, wanda muka kwana a tabarma ɗaya shekara goma sha biyu a gidan nan, ya ɗago ya dube ni.

"Ranar da na ture shi daga makara, kana ina?"

"Ina bayanka."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa farashin gero. Daga bayan labule Inna ta ce wa wata jikarta a je a kira mata angonta, a ce ya zo yanzu, bai ci wainar kakansa ba.

Bayan kwana biyu matar ɗana ta koma ɗakinta da yaran. Surukinsa da kansa ya kai shi tasha ya tsaya kusa da shi har aka ba shi lodi. Motar tseren tana nan ƙarƙashin darbejiya, an mayar mata da ƙafar hagu yadda Kawu ya ce. Na ba ɗana takardar awon. Ko zai nausa arewa bayan girbi bai gaya mini ba, ni kuma ba ni da sauran bakin tambaya. Yana gaishe ni kowace safiya, a durƙushe, cikakkiyar gaisuwa. Bai taɓa tambayata me ya sa na kai kwana arba'in ba, kuma na fi so da ya tambaya.

Taubashina ma yana gaishe ni in mun haɗu a masallaci. Yana tambayar iyali, da gajiya, da ruwa, duk a jere, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya sassauta masa kwanciya, shi da ya ƙare rayuwarsa yana sassauta wa mutane hanya. Ya yafe masa zage-zagensa, waɗanda masu su ma sun riga sun mai da su abin ado. In akwai sauran gafara bayan tasa, ina da buƙata.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na bi ta gidan. Daga zaure na jiyo muryar ɗana a ciki, yana ce wa Inna miyarta ba gishiri, tana ce masa ya kawo kuɗin cefane tunda shi ne mai gida, yaransa suna dariya. A gidan nan na koyi tafiya da takalmi, ban taɓa yin sallama a ƙofarsa ba sai don ladabi. Na yi ta farko, hirar ta tsaya. Na yi ta biyu. Na yi ta uku, na ɗan jira kamar yadda aka koya mana, sannan na juya. Ban kai ƙarshen layi ba na ji sun ci gaba da dariyarsu, kuma na gode wa Allah da hakan.